Lambobin da Ke Cikin Murfi

Makon jiya wani saurayi ya shigo shagona a Makoda, waya a hannu, kunne a toshe da abin jin waƙa, ya ce in koya masa gyaran kwamfuta kafin hutu ya ƙare. Na ce hutun saura kwana nawa? Ya ce sati uku. Na ce ai ya yi yawa, je ka yi barcin sati biyu ka dawo. Bai gane ba'a nake yi ba, har godiya ya yi. Da zai fita ya waiwayo ya ce, "Dama na san yawancin abin, Baba. Ba dannawa ake yi ta sabunta kanta ba? In lamba ta hau ai an ci gaba."

Saboda shi da ire-irensa na zauna rubuta wannan. Karatuna bai wuce aji shida na firamare ba, sai na allo. In kun ga rubutun ya karkace ku yi haƙuri, hannun ya fi sabawa da sukundireba.

Sunana Ado. Har yau Ado Mai Rediyo ake ce min, duk da na manta rabon da in buɗe cikin rediyo. Lokacin da waya ta kashe mana kasuwa ina da 'ya'ya uku, na bar su a ƙauye na shiga birni neman wata sana'ar. Allah ya haɗa ni da Malam Bukar, wani Babarbare da kakansa ne ya zo Kano fatauci ya zauna. Shagonsa wani ɗan lungu ne a kasuwar 'yan waya. Aikinsa sayen matattun kwamfutocin da ofisoshi suka zubar, ya tashe su. Abin da yake zuba musu shi ne Linux, manhajar nan da ba a sayenta, wadda mutane daga ƙasashe daban-daban suka haɗu suke ginawa, kowa ya ga dama ya leƙa cikinta. Ina da shekara talatin da ɗoriya na koma share shago da ɗauko shayi. Ku da kuke jin kunyar riƙe tsintsiya, daga nan na fara.

Abu na farko da ya nuna min, wannan manhaja ba dunƙulen abu ɗaya ba ce. Ƙunshi-ƙunshi ce, dubbai. Akwai ƙunshin da ke magana da firinta, akwai na sauti, akwai na rubutu. Duk suna ajiye a wani wuri a intanet da shi yake kira rumbu, daga can na'ura take ɗebowa. Kowane ƙunshi yana da suna, a gaban sunan kuma akwai lamba. Ya ce min, "Ado, suna kowa ma yana karantawa. Sana'ar tana cikin lambar."

Ranar da na fara shan zagi a kan lamba, ƙunshi biyu ya ajiye min a faifai, iri ɗaya, ɗaya 1.9 ɗaya 1.10. Ya ce in zuba sabon, ya tafi masallaci. Ni kuwa ɗan abin da na riƙe na lissafin firamare ya motsa: ɗigo tara ai ya fi ɗigo ɗaya da sifili. Na zuba 1.9 na harɗe ƙafa ina jiran yabo. Ya dawo ya duba, ya cire hularsa ya ajiye a kan tebur. In ya yi haka to maganar za ta yi tsawo.

"Ado, matarka ta haihu tara, ta sake haihuwa. Wane ne sabo a gidan?"

"Na goman."

"To uban wa ya ce maka tara ta fi goma? Wannan ɗigon ba na lissafi ba ne, katanga ce. Ka karanta abin da ke wannan gefen daban, na wancan gefen daban. Ɗaya, sannan goma. Ko a ƙauyenku goma ba ta kai tara ba?"

Maƙwabtan shago suka yi ta dariya. Wata guda ana ce min Tara-Ta-Fi-Goma.

Wadda ta fi ba ni wahala ita ce lambar da ke zuwa bayan ɗan layin nan na kwance. Za ka ga an rubuta 2.3.1-9. Na ɗauka ado ne. Sai wata rana muna cin wake da shinkafa ya tsinci ƙwaro a cikin nasa, ya ɗaga shi a cokali ya ce, "Ka san Dawanau?" Na ce wa bai san kasuwar hatsi ta Dawanau ba. Ya ce, "Wake na manomi ne. Amma wanda ya sheƙe shi, ya tsince tsakuwa, ya zuba a buhu ya ɗinke, wani ne daban. Lambar gaban layi ta manomi ce, wato wanda ya ƙirƙiri abin. Ta bayan layi ta masu rumbu ce. Duk lokacin da suka ga ƙwaro, ko suka ji ɓera ya sami ƙofa, sai su farke buhun su gyara su sake ɗinkewa, su ƙara ɗaya a bayan layi. Waken bai canza iri ba. Wannan taran da kake gani, sau tara ke nan ana zama a kansa da basilla." Ya jefar da ƙwaron ya ci gaba da cin abincinsa. Daga baya na gane har maganin ɓarakar da aka gano a sabon fitowa sukan ɗebo su liƙa wa tsohon, su bar lambar gaba yadda take. Shi ya sa tsohuwar lamba ba ta nufin ruɓaɓɓen kaya. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Akwai kuma wadda na ga ta ba ni tsoro, na ɗauka na'ura ta haukace. Ƙunshi mai 4.0 yana zaune, sai ga wani mai 1:1.2 ya zo ya ture shi. Na ce Malam, ƙaramar lamba ta kori babba. Ya ce in dubi abin da ke gaban ɗigo biyun nan da ke kan juna. "Rawani ne. Yaro ɗan shekara ashirin in aka naɗa shi mai unguwa, dattijo mai saba'in zai tuɓe takalmi. Masu rumbu suke naɗawa in lissafin manomi ya rikice, don na'ura ta san wa za ta bi. In ka ga rawani, daina ƙirga shekaru."

Ta ƙarshe ba lamba ba ce ma, wata 'yar alama ce mai lanƙwasa kamar tsutsa, haka ~. Ita kam bai yi min dogon bayani ba. Cewa ya yi, "In ka ga tsutsa, yawanci abin bai nuna ba. Tumu ne. Ana gasa shi a ci a bakin gona don marmari, amma ba a zuba shi a rumbu. Masu gwaji aka yi wa, ba masu iyali ba."

Shekara biyu da rabi na yi a wurinsa. Kayan aikin da na taho da su ba su cika jakar leda ba: sukundireba biyu, burushin haƙori na share ƙura, 'yar mitar gwada wuta, baƙar maka ta rubutu, salatif. Makar da salatif su ne gadon gaske. Al'adar Malam Bukar ce, duk na'urar da ya gama, ya ga komai yana tafiya, sai ya kwance murfin akwatin ya juya cikinsa, ya rubuta sunayen ƙunshin da aikin mai ita ya dogara a kansu, kowanne da lambarsa cikakkiya har bayan layi. Sannan ya kwafi ƙunshin kansu a ƙaramin filashi, ya liƙe shi da salatif a jikin murfin, ya mayar ya ɗaure. Na taɓa ce masa ɓarnar filashi ce. Ya ce, "Takarda tana ɓata, waya ana sacewa, kai kuma za ka mutu. Murfi yana tare da akwatinsa."

Da na dawo gida na buɗe shago a Makoda, kusa da tasha. Kada ku ɗauka manyan ayyuka ake kawo min. Mai buga katin biki da firintarsa ta haɗiye takarda. Malamin makaranta da ya ajiye kwamfuta a ɗaki ɗaya da buhunan gyaɗa, ɓera ya haihu a ciki, ya zo yana ce min wai bairos ne. Na ce ƙwarai, ga shi nan har da jela. Wani mai shagon magani daga wajen Gezawa ya taɓa ɗauko tasa a kan babur ba tare da ya ɗaure ba, ya iso da ita gida biyu, ya ce in duba ko saitin ne ya goce. Da irin waɗannan na ciyar da gida, da kuma gonata ta gero a ƙauyenmu, don duk wanda ya ce maka sana'ar hannu kaɗai ta riƙe shi a karkara, bincika, akwai rumbu a bayan ɗakinsa.

Aikin da na fi daɗewa a kansa na ƙungiyar manoman ƙauyenmu ne. Suna da kwamfuta ɗaya da tsohuwar firinta a ɗakin da ke jikin sito. Amfaninsu ɗaya ne a shekara, amma babba. Akwai kamfanin da ke kawo takin zamani mai rangwame da damina, kuma ba sa ba kowa sai da kati. Katin yana da wani zane na ɗigo-ɗigo da suke haskawa da waya. Ba a buga shi tun da wuri, sai ana gobe mota za ta zo suke turo lambobin shekarar, a haɗa da sunayen mutane a buga. Ni na haɗa na'urar, ni na shigar da sunayen unguwa-unguwa. Unguwarmu na sa a ƙarshe, don kada wani ya ce Ado ya fara da 'yan uwansa. Shekara biyar ana bugawa ba a taɓa kwana da matsala ba. Firintar nan ta tsufa har kamfanin da ya yi ta ya manta da ita, ƙunshi ɗaya ne ya san yarenta, 2.3.1-9. Na san haka, na rubuta a murfi, na liƙa filashi.

Sai shekarar da Nazifi ya gama jami'a. Ɗan ƙanwar Alhaji Garba ne, shugaban ƙungiyar. Tun kafin ya sauke jaka aka fara ce masa Injiniya, shi kuma bai hana ba. Ba zan yi masa ƙarya ba, yaron yana da ƙwaƙwalwa, yatsunsa a kan madannai kamar kaza na tsattsagar tsaba. Abin da ba shi da shi, bai taɓa lalata abin da mutane suka dogara da shi ba, don haka ba ya tsoro.

An yi shuka, gero ya fito, aka kira taron ƙungiya a gindin darbejiyar ƙofar sito. Ina zaune a gefen tabarma sai Alhaji Garba ya ce Injiniya yana da magana. Ya miƙe, ya gyara agogo, ya ɗaga wayarsa sama kamar kowa zai iya karantawa daga nan.

"Iyayena, na duba na'urarku. Abin da ke cikinta lamba biyu da uku ne. Duniya tana biyu da biyar. Shekara da shekaru an bar ku a baya. Ko ɓarawon intanet na koyo zai shige ta kamar zaure."

Aka ɗauki salati. Mutanen da ba su taɓa taɓa madanni ba suka fara kallona kamar na sayar musu da jaki mai ciwo.

Na ce, "Ka karanta abin da ke bayan layin?"

"Wane layi?"

"Ɗan na kwancen. Akwai tara a wurin."

Ya yi murmushi irin na wanda aka biya wa kuɗin makaranta. "Baba Ado, wannan ai ƙananan abubuwa ne. Babbar lamba ake dubawa."

Na tashi na yi musu bayanin wake da buhu da basilla, yadda aka yi min. Wallahi na yi iya yina. Amma ni da baki ba mu shirya ba, ina yi ina haɗa gumi, shi kuwa yana jefa Turanci ɗaya-ɗaya kamar mai barbaɗa gishiri. Wani daga baya ya ce, "Ado, ana maganar kwamfuta kana maganar wake!" Wurin ya fashe da dariya. Mutum ɗaya ne bai yi ba, Baba Ɗanlami, dattijon da gonarsa ke iyaka da tawa, wanda ya yi shekaru yana ɗinkin buhu a Dawanau kafin idonsa ya raunana. Ya ce, "Ni dai na ji abin da yaron nan Ado yake faɗa." Ba wanda ya kula shi.

Alhaji Garba ya yi gyaran murya. "Malam Ado, mun gode da ɗawainiya. Zamani riga ne. Ka ba Injiniya makullin ɗakin."

Na ciro makullin na ajiye a kan tabarma, ban miƙa a hannu ba. Na ce, "Abu ɗaya zan faɗa. Kada a taɓa ta sai an gama rabon taki." Nazifi ya ce in kwantar da hankalina.

Abin da ya faru bayan nan daga bakin Malam Isa magatakarda na ji. Motar taki Alhamis za ta zo. Ranar Laraba kamfani ya turo lambobi. Maimakon a buga, Injiniya ya ce bari ya fara sabunta na'urar don katin ya fito da kyau. Ya nemi sabon ƙunshi a rumbun da na'urar ta saba ɗiba, ta ce masa wanda take da shi shi ne na ƙarshe. Ya ce rumbun ma na ƙauye ne. Ya shiga intanet ya laluɓo mafi girman lambar da idonsa ya gani, 2.5~rc1, da tsutsarta ƙuru-ƙuru a tsakiya. Shi kuma ƙunshi ba ya tafiya shi kaɗai, kamar gayyar suna ne, ka kira mutum ɗaya ya zo da danginsa. Na'ura ta yi masa gargaɗi cewa za ta canza wasu shida, ta tambaye shi ya yarda? Ya danna e. Ta sake tambaya. Ya sake danna e. Da ya kashe ya kunna, ba hoto, ba kibiya, sai baƙin allo da ɗan farin abu yana ƙyaftawa. Ya ce gajiya ta yi, a bar ta ta huta zuwa safe.

Alhamis da hantsi ina gona ina maimai, sai ga Malam Isa a kan babur, ya bi ta kan kunya har yana taka min gero.

"Malam Ado, taso! Tirela ta iso tun ɗazu, na'ura ta ƙi tashi. Direba ya ce da la'asar zai wuce, akwai wani garin da ke jiran sauran kayan."

"Ina Injiniya?"

"Yana can yana ta danne-danne. Ya ce sabis ne babu."

"A kai birni a buga mana."

"Sunayen ai suna cikinta! Ta ina za a ciro?"

Na ce, "Ni tsohuwar lamba ce, Malam Isa. A nemo biyu da biyar." Na sunkuya na ci gaba da nomana. Ya yi magiya ya gaji ya tafi.

Baba Ɗanlami yana daga gonarsa yana jin komai. Ya dogara fartanya ya ce, "Ado, je ka."

"Baba, a gaban jama'a aka karɓi makulli. Wanda ya karɓa shi zai kawo."

"Rana tana tafiya."

"Ta tafi."

Ya koma nomansa. Malam Isa ya sake dawowa wajen sha ɗaya, wannan karon da makullin a hannu. Na ce ba shi ya karɓa ba. Ku lura da kyau, samari, a lokacin na san abin da ya lalace, na san maganin yana ina, na san bai fi aikin rabin awa da 'yan mintuna ba. Na kuma san firintar nan tafiyar hawainiya take yi, kati ɗaya sai ta yi nishi ta yi tari kafin ta tofo shi. Ni na fi kowa sanin haka a duniya. Na tsaya ina cire ciyawa.

Sai bayan azahar Alhaji Garba ya zo da kansa, babbar riga tana jan ƙasa a cikin kunya, gumi ya jiƙa hula. Bai ba ni haƙuri ba, ni ma ban nema ba. Ya miƙo makullin da hannu biyu ya ce, "Malam Ado, jama'a." Na karɓa na hau bayan babur da laka a ƙafata.

Ƙofar sito ba masaka tsinke. Mutane da jakuna da amalanke da babura, an zagaye tirela ana kallon buhuna kamar a ci da ido. Na kutsa ɗakin. Nazifi yana zaune gaban baƙin allo, ya kunna ya kashe ya fi sau talatin, rigarsa ta manne a baya. Ya ce, "Baba Ado, sai an sauko da wasu abubuwa daga intanet, kuma sabis ɗin nan..."

Na ce, "Tashi. Miƙo min jakata."

Na kashe na'urar na zare waya, na kwantar da akwatin, na kwance noti huɗu. Ya ce, "Matsalar ba ta ƙarfe ba ce fa, ta manhaja ce." Na ɗaga murfin na juya masa cikinsa. Ga rubutuna na kaza da baƙar maka, layi bakwai, kowane ƙunshi da lambarsa. Ga filashi a liƙe, salatif ɗin har ya yi ja don tsufa.

"Sati uku makulli yana hannunka. Ka taɓa buɗe ta?"

"A makaranta ba mu..."

"Riƙe murfin. Karanto min, ɗaya bayan ɗaya. In ka tsallake abin da ke bayan layi sai na kwaɗa maka shi a ka."

Na kunna, na shiga baƙin allon da yake tsoro, wanda ni a cikinsa aka yaye ni. Ita ma na'ura halinku gare ta, in ta ga babbar lamba ba ta son komawa ƙarama. Sai ka kira mata wadda kake so da cikakken sunanta, ka ce na ji, na gani, ita nake so. Yana karantowa ina bugawa. "Biyu, ɗigo uku, ɗigo ɗaya..." sai ya tsaya a nan. Na ɗago kai. Ya ce, "Layi, tara." Haka muka bi bakwai ɗin. Na kashe na kunna, hoto ya dawo. Firinta ta yi tarinta ta tofo katin farko, Malam Isa ya fizga ya fita da gudu, na ji waje ya ɗauki kabbara.

Daga nan ba sauran gwaninta, sai jira. Kati ya fito, a miƙa ta taga, a kira suna, mutum ya ruga wajen tirela a haska a ɗora masa buhu. Unguwa ta farko ta wuce, ta biyu, ta uku. Na cire agogona na sa a aljihu don na gaji da kallonsa. Nazifi ya ce ko akwai yadda za a sa ta yi sauri? Na ce akwai, a dawo mana da safiyar da ta wuce.

Ana kiran la'asar direba ya tayar da mota. Alhaji Garba ya roƙe shi, ya ƙara mana lokacin da aka yi salla kawai. Ma'aikacin kamfani ya ce ba kati ba buhu, ba shi ya kafa dokar ba, kuma in ya saɓa a bakin aikinsa. An gama unguwa ta biyar, an shiga ta shida da mutum uku, suka ja tampol suka ɗaure. Ta shida ita ce ta ƙarshe. Na faɗa muku wace ce. Katina ya fito tirela tana hawa kwalta, na Baba Ɗanlami yana bin bayansa, da ɗuminsu.

A kasuwa taki ya yi tsadar da sai dai kallo. Wanda ke da akuya ya sayar ya sayi rabin buhu, wanda ba shi da ita ya watsa toka da kashin awaki ya bar wa Allah. A waccan shekarar in ka tsaya a kan hanyar Makoda ka dubi gonakinmu, ba sai an nuna maka iyakar unguwarmu ba. Na sauran gari kore shar har ya yi baƙi, namu ɗorawa-ɗorawa, iya ƙugu. Ba wanda ya zo ya zage ni. Da sun zaga ma da ya fi sauƙi. Gaisuwa ce dai ta gajarce.

A taron bayan kaka Alhaji Garba ya yi jawabi, ya gode wa Allah, ya gode wa Injiniya da ya tsaya a kan na'ura tun safe har la'asar bai ko ci abinci ba. Aka tafa. Ni aka ce in ci gaba da riƙe makulli tunda na fi kusa. Nazifi ya koma birni, na ji yanzu yana aiki a wani babban wuri. Kafin ya tafi ya biyo ta shago, ya yi ta kewaye-kewaye, can ya tambaye ni inda ake sayar da irin makar nan. Na ba shi tawa.

Ranar da muke ɗaurin gero, dami na bai kai rabin na bara ba, na Baba Ɗanlami ko haka bai kai ba. Muka zauna a kan iyaka, ya ɓare goro ya ba ni rabi. Ya ce, "Ado, bayanin nan naka na buhu, ni na gane shi tun ranar. Na yi ɗinkin buhu shekara ashirin. Amma akwai abin da mai gidanka bai faɗa maka ba, ko ya faɗa ba ka ji ba."

Na ce mene ne, Baba?

"In buhu ya fashe hatsi yana zuba, mai basilla ba ya tambayar wa ya fasa. Ɗinkewa yake yi, a yi shari'ar daga baya. Yaron nan ya ɓata na'ura, gaskiya ne. Na'ura ta tashi. Wunin da ka ɓata fa, a cikin wane murfin ka liƙe shi?"

Na tauna gorona, na tashi na koma ɗaurin gero.

Kwamfutar tana nan har yau, firintar ma tana nan tana tarinta. Lambar gaban layi ba ta motsa ba, ta baya ce ta hau zuwa sha huɗu, kowace na goge tsohuwar na rubuta sabuwa. Sunayen unguwanni kuwa na juya su, kowace shekara wata ce take fara shiga. A ƙasan layi bakwai ɗin nan na ƙara na takwas, ba sunan ƙunshi ba ne, ba lamba ba ce. Duk wanda ya gaje ni zai gani.

Saboda haka, kai mai abin jin waƙa a kunne, in har da gaske kake, ka dawo. Ba sati uku ba. Ka zo da tsintsiya da sukundireba, zan sa ka kwance murfin nan da hannunka ka karanta min lambobin har bayan layi. In ka iso na takwas ka karanta shi da ƙarfi, don ni ma ina bukatar ji: in an aiko, tashi ka tafi.